Rut Mutuniyar Mowab: Abin da Ta Bari, da Abin da Ta Tarar

Labarin Rut ya faru a zamanin mahukunta, kafin a naɗa sarki a Isra'ila. Yunwa ta kori Elimelek daga Baitalami zuwa Mowab, gabas da Tekun Gishiri, shi da matarsa Na'omi da 'ya'yansu biyu. Cikin wajen shekara 10 mazan uku suka mutu, aka bar gwauraye uku.

Sai mun san Mowab kafin mu auna nauyin zaɓin Rut. Gunkin ƙasar Kemosh ne. A 1868 aka gano wani dutse mai rubutu a Dibon, cikin Jodan ta yau, wanda Mesha sarkin Mowab ya kafa. A jikinsa Mesha yana yabon Kemosh don ya ba shi nasara a kan Isra'ila, har yana fahariyar kwashe kayan sujadar Yahweh. An yi rubutun ɗaruruwan shekaru bayan Rut, amma ya nuna irin gabar da ke tsakanin al'ummun biyu. Daga ɓangaren Isra'ila ma ƙofa a rufe take, gama Maimaitawar Shari'a 23 ta hana mutumin Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma.

Masu wa'azi sukan yi wa Orfa rashin adalci. Littafin bai zarge ta ba ko sau ɗaya. Ta bi shawarar surukarta, shawara ce kuwa ta hankali: koma gidan uwarki, ki sake aure. Sau uku Na'omi ta matsa wa Rut ta yi haka. Ku lura kuma da irin shaidar da ke gaban Rut. Ba ta ga mu'ujiza ba, ba annabin da ya yi mata alkawari. Tsohuwa ce kawai mai ɗacin rai, wadda take cewa hannun Ubangiji ya juya mata, wadda ta isa gida ta ce a daina kiranta Na'omi, a kira ta Mara. Allahn wannan matar Rut ta zaɓa, ta kuma yi rantsuwa da sunansa, ta haɗa har da kabarinta. Mu da ke ƙasar Hausa mun san abin da ake nufi idan mace ta yarda a binne ta nesa da danginta.

Tarihin ikkilisiya a Arewa yana da irin wannan tafiya. A ƙarni na 19 aka kashe Malam Ibrahim a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse, da yawa suka nufi Ningi. Wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Likita Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, a 1913 suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi. Ciwon barci ya kashe mutane da yawa a can, sauran suka tashi, daga baya suka zauna a Wusasa. Sunayen malamai da shugabanni muka fi riƙewa, amma a kowace ƙaura akwai matan da suka ɗaure kaya, suka goya yara, suka bar kaburburan iyayensu a baya. Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito cikakke ba sai 1932, wato sun riga sun biya kuɗin bangaskiyarsu kafin yawancinsu su iya riƙe shi a hannu.

Wanda za a tura aiki Jega, ko Aliero, ko Maiyama, zai tarar da ƙananan ikkilisiyoyi a tsakiyar maƙwabta Musulmi, masu bi da yawa kuma baƙi ne: 'yan ƙasar Zuru, 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikata, da ɗaliban jami'ar Aliero. A irin wannan wuri, in miji ya rasu, tambayar da aka yi a hanyar Baitalami takan dawo da kamanninta. Dangi suna kira, haya tana jira, yara suna makaranta. Fasto, kada ka yi saurin kiran wadda ta koma gida marar bangaskiya.

Abin da ya riƙe Rut bayan ta iso shi ne doka da mutumin da ya kiyaye ta. Littafin Firistoci 19 ya ce a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo. Bo'aza ya ƙara a kan abin da doka ta nema: ya hana samarinsa taɓa ta, ya ba ta ruwa da abinci, ya sa a riƙa zare mata zangarniya daga dami. Ran farko ta sussuke sha'ir da ya ɗara garwa guda. A ganina nan ne dattawanmu suka fi rauni. Mun iya waƙar rantsuwar Rut a wurin ɗaurin aure, alhali surukarta ta yi wa ita, a bakin hanya, bayan jana'iza uku. Sau da yawa Zumuntar Mata ce kaɗai ke auna wa gwauruwa mudun gero ko ta tara mata jarin sayar da albasa, majalisar dattawa kuwa tana jiran rahoto.

Da aka haifi Obida, matan unguwa ne suka raɗa masa suna, suka ce wa Na'omi surukarta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, Matiyu kuma ya rubuta sunan Rut a aya ta 5 ta surarsa ta farko.