Hannun Da Ya Zana Aku

Kafin in iya haɗa baƙi da wasali, na san aku. A firamarenmu ta Faskari akwai wani tsohon kwafin Magana Jari Ce wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, mukan kewaye shi lokacin tara, mu tsallake rubutu mu nemi shafin da ke da hoto. Daga baya, tun daga sakandare har jami'a, an sha tambayata wane ne ya rubuta littafin, ina amsawa da Abubakar Imam. Babu takardar jarrabawar da ta taɓa tambayata wane ne ya zana shi.

Wannan mantuwa tana da tarihi. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gasar ta masu alƙalami ce zalla. Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, an tsara shi don 'yan makaranta, an kuma ƙawata shi da zane. Haka Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA, da NNPC daga 1966, suka yi ta fitar da littattafan koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu, inda hoto ke riƙe hannun yaro har ya kai ga kalma. Mai zanen dai, a biya shi ladan aikinsa ya koma gefe.

A daidai lokacin da Imam ke wannan aiki, a 1938, ma'aikatan ɗakunan karatu na Amurka suka fara bayar da lambar Caldecott, wadda mai zane ake miƙa wa, marubuci na kallo. Ingila ta bi sahu da lambar Kate Greenaway a 1955. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1977, lokacin da Leo da Diane Dillon suka ci Caldecott da littafin Ashanti to Zulu, mai gabatar da al'ummun Afirka bisa jerin haruffa. Harafin H na Hausawa ne. Wato an zana mu an ci lambar zinare da mu a wata nahiya, alhali a gida ba mu tanadi ko tukuici ga mai zana wa 'ya'yanmu ba. Kyautar adabi ta NLNG, da aka soma a 2004, takan waiwayi adabin yara duk bayan shekara huɗu, amma sunan marubuci ake kira. Hikayata ta BBC ma ta rubutu ce. A makwabtanmu, Meshack Asare na Gana ya ci kyautar Noma a 1982 da littafin yara, sai dai shi ya rubuta, shi ya zana.

Kada a ce Bahaushe bai san darajar zane ba. Duk wanda ya halarci walimar saukar Alƙur'ani ya ga allon zayyana, ya ga yadda ake neman gwani musamman, a biya shi, a zaga da allon gidajen dangi ana yabawa. Boko ne ya zo da littafi mai hoto, ya bar girmamawar a tsangaya.

Yau batun ya wuce na yabo. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, da hare-haren da suka tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa, yara da yawa sun yi watanni ba su ga aji ba. Yaron da karatunsa ya yanke, hoto ne ƙofar da ta rage masa a buɗe. Na ga haka a kan 'yar yayata, wadda suka baro ƙauyensu na Sabuwa suka sauka gidanmu. Shekararta tara, ba ta iya karanta jimla ba. Na ba ta kwafina, ta yi kwana uku tana juya shafuka, tana ƙaga wa kowane hoto labarinsa. A rana ta huɗu na tarar ta zana aku da gawayi a bangon zaure, ta ce in nuna mata yadda ake rubuta sunanta a ƙarƙashinsa.