Zombi ma yana da tarihi

Daren jiya an ɗauke wuta a hostel, muka taru a kan laftof ɗin wani abokina muna kallon Shaun of the Dead, fim ɗin barkwanci na Ingila na 2004. Ana ta dariya sai wani ya juyo ya ce min: "Aboki, a garinku akwai irin waɗannan?" Na yi dariya tare da su, amma wallahi maganar ta tsaya min a rai. Shi ya sa na ce bari in kawo muku ɗan tarihin wannan halitta, don ya shafe mu 'yan Arewa masu karatu a Kudu.

Asalin labarin zombi daga ƙasar Haiti yake. A can zombi ba ya cin mutane. A camfinsu, gawa ce da boka ya tayar ya sa ta aikin gonar rake, ba lada ba hutu. Bayin da aka kwaso daga Afirka zamanin mulkin Faransa suna ganin mutuwa ce hanyar komawa gida. To ka ga babban tsoronsu shi ne a ce ko bayan mutuwa bauta ba ta ƙare ba. Har suna cewa idan zombi ya ɗanɗani gishiri zai tuna ko shi wane ne, ya koma kabarinsa.

Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, labarin ya tsallaka. A 1929 William Seabrook ya fitar da littafin The Magic Island, a 1932 aka yi fim ɗin White Zombie. Sai 1968 George Romero ya yi Night of the Living Dead, inda matattu suka koma masu cin naman mutane. Jarumin fim ɗin baƙar fata ne, Duane Jones. Ya kwana yana kare kansa daga matattu, gari na wayewa wasu fararen fata masu sintiri suka hango shi daga nesa suka harbe shi, sun ɗauka zombi ne. Ko tambaya ba su yi ba.

Daga baya marubuta suka ba zombi baki. A littafin barkwanci na S.G. Browne mai suna Breathers (2009), zombin ne da kansa ke ba da labari: yana zaune a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa, doka ba ta ba shi haƙƙin komai ba, yana zuwa taron 'yan uwansa matattu suna ba juna haƙuri. Kana dariya, kana jin tausayi.

Mu dai mun san wanda ya mutu ba ya dawowa. Amma labarin ai na masu rai ne. Wanda aka taɓa tambaya ko a ina ya koyi Turanci, ko mai gida ya fasa ba shi haya da ya ji sunan jiharsa, ya san zafin a yanke maka hukunci daga nesa.

Sai dai fa mu ma mu duba kanmu. Sau nawa muka yi wa ɗan Kudu mai bautar ƙasa a garinmu irin wannan kuɗin goro?

Yau da safe na samu wanda ya yi min tambayar, na gaya masa sunana. Ya maimaita sau biyu har ya iya. Shi ma ashe ban taɓa sanin nasa ba.