Ɗakin Taron Garki da Unguwanninmu

A watan Yunin 1991, zamanin Janar Babangida, shugabannin Afirka suka hallara a Abuja domin taron ƙungiyar OAU. Saboda wannan taro aka gina babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da ke Garki. Ranar 12 ga Disamba na shekarar, fadar gwamnati ta taso daga Legas.

Su kuwa leburori da 'yan tireda da masu ga-ruwa da suka biyo ginin birnin, ba a yanka musu fili a taswira ba. Sai suka raɓa a Karmo, Gwagwa, Mabushi da Mpape. Zamanin El-Rufa'i, 2003 zuwa 2007, katafila ta share gidaje masu yawa, ciki har da na Idu-Karmo.

A 2025 minista Wike ya gyara ɗakin a kan naira biliyan 39, aka raɗa masa sunan Tinubu.

Abuja ba ta da majalisar jiha. Majalisar Tarayya ke amincewa da kasafinta, mu kuma sanata ɗaya da wakilai biyu gare mu. To jama'a, harajinmu na cikin kuɗin nan. In an zo kasafi, mu tambaye su: nawa aka ware wa famfo da asibitin unguwa?