Lambobin jarumta na matuƙan jiragen yaƙi

Lambar jarumta tukuici ce da ƙasa ke maƙala wa sojan da ya sa ransa cikin haɗari a fagen daga. Ga matuƙin jirgin yaƙi, abin da ake dubawa shi ne kai ɗauki ga askarawan ƙasa da aka yi wa ƙawanya, ko kwaso waɗanda suka jikkata ana cikin luguden wuta, ko dawo da jirgin da aka harba lafiya.

Al'adar ta kafu ne lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Faransa ta ƙirƙiro Croix de Guerre a 1915 domin sojojinta baki ɗaya. Ingila kuwa ta keɓe wa sojan sama lambar Distinguished Flying Cross a 1918, Amurka ta bi sahu da tata mai wannan suna a 1926. A tsarin Faransa, ƙaramar alamar da ke jikin ƙyallen lambar ita ke nuna girman yabon: tauraro na nufin yabo daga wani sashe na runduna, ganyen dabino kuma yabo ne da sunan rundunar gaba ɗaya.

Nijar ta gaji wannan tsari. Sojojinta na karɓar Croix de la Vaillance, wato lambar bajinta, wadda akan bayar da ganyen dabino, sau da yawa bayan mai ita ya kwanta dama. Akwai kuma Ordre National du Niger da aka kafa a 1961, mai matakai biyar daga Chevalier zuwa Grand-Croix. Ofishin Grande Chancellerie da ke Yamai ne ke kula da lambobin girma na ƙasa.

Rundunar sojan saman Nijar ta samo asali a 1961, babban sansaninta shi ne na 101, kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani. Ta samu jiragen yaƙi biyu ƙirar Sukhoi Su-25 a 2013, kuma a 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar. A wannan sansani aka yi jana'izar sojoji 71 da suka rasu a harin Inates na 10 ga Disamban 2019. Ga iyalan irin waɗannan mamata, lambar kan zama shaidar da ta rage a hannunsu cewa ƙasa ta san abin da suka rasa.