Daga Barde Zuwa Kachalla

Bahaushe ba ya kiran kyauta da suna ɗaya, sai ya duba daga ina ta fito, ina ta dosa. In talaka ya kai wa Sarkin Birnin Gwari rago, gaisuwa ce. In sarki ya aika da riga, tukwici ake ba ɗan aike. To dokin da sarakunan da ke ɗaura wa wanda ya yi musu yaƙi fa? Ba lada ba ne, don lada in an biya an rabu. Ba kuma ganima ba, don ita haƙƙin mayaƙi ce bayan an fitar da humusi. Wannan doki igiyar barantaka ce. Wanda ya kama linzaminsa ya zama bara, ya ci na ubangida, ran fita kuwa ba a kiransa sau biyu. (Kada a haɗa shi da barar almajiri, a rubuce ne kawai suka yi kama.) In ya yi abin a zo a gani, sai alkyabba da rawani su biyo: Barde, Jarmai, Garkuwa, duk a fagen fama aka haife su.

Turawan da ma haka suke. A shekarar 98 Tacitus, marubucin Rum, ya ce mayaƙan Jamusawa doki da mashi suke nema a hannun shugabansu. A tsohuwar Ingila ana yi wa sarki kirari da beahgifa, mai ba da munduwa. Sai dai su kyautarsu tana da ƙamshin aro: dokar Sarki Kanut ta wajen 1020 ta ce in babban hakimi ya mutu, magadansa su kai wa sarki dawaki 8, 4 da sirdi, da takubba 4.

Yau a dajin Kamuku da na Kuyambana babur ya maye doki, amma kalmomin na nan. Ana cewa “yaran wane”, ana kiran jagoran 'yan bindiga kachalla. Sunan daga Barno ya zo, inda sarautar kwamandan yaƙi ce, galibi ta bayin Shehu. A ganina an ci zarafin kalmar: kachallan asali yana da wanda ya naɗa shi, yana da wanda zai tuɓe shi. Na daji shi ya naɗa kansa, kuma babur ba ya ɗaure yaro. Buharin Daji, wani jagoran 'yan bindiga, da duk tarin yaransa, Dogo Gide ne ya kashe shi a 2018, mutumin da suka daɗe suna ta'asa tare.