Babbar riga ta shiga buro, masaƙi ya tsaya waje

A zamanin mulkin mallakar Faransa, ɗan lakwal da ya zama mushe ko akawu yakan tafi aiki da wando da taguwa irin na Nasara. Babbar riga kuwa ta sarakuna ce da malamai da attajirai. Bayan samun ƴancin kai a 1960, shugaba Jori Hamani ya riƙa tarbar manyan baƙi da babbar riga da hula, sai ma'aikata suka ga suturar iyayensu ta dace da buro. Juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 ya ɗaukaka kakin soja. Bayan taron ƙasa na 1991 hijabi ya yaɗu a makarantu da ma'aikatu, har bikin nunin sutura na FIMA ya tada zanga-zanga a Yamai da Maraɗi a 2000.

Duk wannan gardama a kan ɗinki take, yadin kuwa an manta da shi. Shaddar rigarmu daga Turai ko Sin take zuwa, saƙi da rinin baba suna ja da baya. Malamin da ke koyar da tarihin sutura ya kamata ya kai ɗalibansa gaban masaƙi tun ana samunsa.