Daga dandali zuwa situdiyo: yadda mawaƙin Hausa ke gane ko waƙarsa ta karɓu

Duk mawaƙin da ya shirya sabuwar waƙa yana fuskantar alƙalai iri biyu: mutanen da za su saurare ta a gabansa a wajen taro, da waɗanda za su ji ta a faifai ko a waya ba tare da sun gan shi ba. Hukuncin ɓangarorin biyu ba kullum yake zuwa ɗaya ba. A tsarin da aka gada a ƙasar Hausa, waƙa kan fara bi ta gaban 'yan kallo, ta sha gyara a dandali, kafin a naɗe ta. A yau lamarin ya juya: a situdiyo ake haifar waƙa, sai daga baya a kai ta gaban jama'a. Wannan sauyi ne ya sa tambayar "wa zai faɗa mini gaskiya a kan waƙata?" ta zame wa matasan mawaƙa babbar matsala.

Yadda dandali ke gyara waƙa

Ginin waƙar baka ta Hausa da kansa ya bar ƙofar gyara a buɗe. Gindin waƙa, wato amshi, shi ne kafaffe; ɗiyan waƙa kuwa jagora na iya ƙara su, ko ya rage, ko ya sauya musu wuri. Yayin da 'yan amshi ke maimaita gindi, jagora yana samun sararin numfashi, yana kuma karantar fuskokin jama'a. Ɗan da ya jawo shewa ko guɗa zai sake dawowa a wasa na gaba. Wanda aka ji shi shiru, mutane suna hirarsu, a nan ake binne shi.

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya kuma rasu a 1999, shi ne misalin da aka fi kawowa. Ba ya rubuta waƙa, a gaban kalangai yake ƙera ta, shi ya sa masu tara waƙoƙinsa kan sami waƙa guda a naɗi daban-daban, kowanne da tsawonsa da sunayen da aka ambata a ciki. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suna da wani matakin tacewa tun daga gida, domin 'yan amshinsu ba maimaitawa kawai suke yi ba, suna karɓar ɗa daga bakin jagora su ƙarasa shi. Mutumin da zai ƙarasa maka magana a gaban sarki dole ne ya san ta, kuma in ta yi rauni shi zai fara ji.

Akwai kuma sanƙira, wanda ba a cika ba shi haƙƙinsa ba idan ana tarihin kiɗa. Shi ne ke shaida wa mawaƙi wanda ya shigo, da asalinsa, da kyautar da ya yi, ya kuma cike gurbi da kirari idan taro ya fara sanyi. A taƙaice shi ne kunnen mawaƙi a cikin jama'a.

Waɗanda ba su da irin wannan runduna sun nemi wasu dabarun. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, amma yakan riƙe taro da labari, yana sauya murya tsakanin miji da mata ko uwa da 'ya, har mai sauraro ya ƙi tashi sai ya ji yadda za ta kaya. Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta mayar da matan da suka zo biki abokan waƙa: ana kiɗan ƙwarya, suna amsawa, suna rawa, babu wata katanga tsakanin mai yi da mai kallo.

Sai dai ma'aunin dandali ma yana da ha'incinsa. Kari, ko liƙi kamar yadda aka fi kiransa yanzu, sau da yawa auna girman wanda aka yaba yake yi, ko gasar da ke tsakaninsa da abokin hamayyarsa, ba kyan waƙar ba. Waƙar da ta tara kuɗi a daren biki tana iya mutuwa da wayewar gari. Ban da haka, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira a wajen biki, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 hukumar EFCC ta matsa ƙaimi wajen gurfanar da masu yi.

Da na'ura ta shiga tsakani

Faifan garmaho na farko-farko bai wuce ɗaukar kimanin minti 3 a kowane gefe ba, don haka waƙar da ake kwana ana yi dole a datse ta. Rediyo ne ya fara ba mai sauraro na nesa bakin magana. Bayan kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, shirye-shiryen gaishe-gaishe irin na Zaɓi Sonka sun zama wani ma'auni: waƙar da katunan masu saurare suka fi nema ita ce ta karɓu. Zamanin kaset kuwa, mai sayarwa a kasuwa ya fi kowa sanin wadda ke tafiya.

Babban sauyi ya zo ne tare da finafinan Hausa. Bayan farin jinin waƙar fim ɗin Sangaya na 1999, kiɗan fiyano ya mamaye Kano, aka sami tsarar mawaƙa da ba su taɓa tsayawa a dandali ba kafin sunansu ya fita. Mawaƙi na shiga ɗakin naɗi shi kaɗai, ya rera a kan kiɗan da aka riga aka haɗa, na'ura ta daidaita masa murya. Babu ɗan amshin da zai yamutsa fuska.

Su wa ke yanke hukunci yanzu

Mai haɗa sauti shi ne mai sauraro na farko, kuma ra'ayinsa yana da amfani a kan abin da ya shafi kiɗa da tsabtar murya, amma kuɗin aiki ake biyansa, ba kasafai zai ce wa abokin ciniki kalmominsa ba su da gishiri ba. Abokai kuwa kunya da kara kan hana su. Saboda haka masu wayo a cikin mawaƙa sukan saka waƙar a inda ba a san tasu ba ce, su ja gefe su ga ko wani zai tambayi mai ita.

Daga nan sai masu tura waƙoƙi a waya da ke bakin kasuwanni da tashoshin mota, da masu saka kiɗa a wajen biki, da direbobin a-daidaita-sahu. Waɗannan ba su da dalilin yi wa kowa kara: abin da jama'a ke nema shi suke sakawa. Shafuka irin su YouTube da Audiomack da TikTok sun ƙara wani abu da ba a taɓa samu ba, domin YouTube na nuna wa mai waƙa daidai daƙiƙar da masu kallo suka fi barinta. Wannan alƙalumman sun fi yawan kallo faɗin gaskiya, tunda ana iya sayen kallo da kuɗi.

Wani lokaci ma jama'a kan ba waƙa ma'anar da mai ita bai tsara ba. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu ne bayan matan aure sun riƙa ɗora bidiyon da suke yi wa mazajensu rawa da ita, abin da ya jawo muhawara mai zafi a Arewa. Akwai kuma hukuncin hukuma: a Kano, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i da aka kafa a 2001 tana da ikon duba waƙoƙi.

Neman ra'ayi yana da haɗarinsa. Waƙar da aka tura wa mutum biyar a WhatsApp don su ji tana iya kwana a wayoyi dubu kafin mai ita ya sami ko sisi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sanya wa hannu a 2023, ta kare aikin, amma kamo waƙar da ta riga ta fita sai dai a yi ta bin sawu.

Inda matsalar ta fi fitowa fili shi ne wajen gala da dina. Mawaƙin situdiyo yakan hau dandamali a saka faifansa yana bi da baki. Ba zai iya tsawaita baitin da ya motsa jama'a ba, ba zai iya sako sunan baƙon da ya shigo ba, in kuma janareta ya ɗauke, wasa ya tsaya.

Halin da ake ciki a Konduga

A Konduga, da ke kan hanyar Maiduguri zuwa Bama, tsarin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A daren wushe-wushe na bikin Barebari, ganga kura da algaita ne ke riƙe taro, kuma makaɗi na gane matsayinsa nan take daga yadda dangi ke fitowa rawa. A wayoyin matasa kuwa waƙoƙin Hausa na Kano da Kaduna suna gogayya da na Barbarci da Larabcin Shuwa.

Rikicin Boko Haram ya taɓa dandali kai tsaye. Harin ƙunar baƙin wake da aka kai wani gidan kallon ƙwallo a Konduga ranar 16 ga Yuni, 2019, wanda ya hallaka kimanin mutum 30, ya nuna irin haɗarin da taron dare ke ciki, ga kuma shekarun da aka kwashe ana dokar hana fita a sassan jihar. Matashin da ya tashi a wannan tsakani bai sami yawan dandalin da magabatansa suka koyi sana'a a kai ba. Abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne ya shiga mota zuwa Maiduguri ya naɗi waƙarsa, ya kai wa masu tura waƙoƙi, ya nemi a saka ta a gidajen rediyo irin su BRTV da Dandal Kura, sannan ya jira bikin farko da za a gayyace shi ya rera ta a gaban mutane.